Ranar da Na Yi wa Sakata Walda

Ƙarfe suke ce mini a unguwa, kuma ba don sana'ar walda kaɗai ba. Mota ta taɓa bi ta kan ƙafata, motar ce aka kai gareji. Tukunyar gas ta fashe a shagona, gashin gira kawai ta samu. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk ƙofar ƙarfen da ke layinmu hannun nan ne ya haɗa ta, kuma har yau ɓarawo bai ɓalle ko ɗaya ba. Sannan na kwanta a asibitin masu taɓin hankali na gwamnati, na fito da ƙafata, a zamanin da fitowa daga can ba wasan yara ba ne.

Ina kan ganiyata kaina ya juya. Ƙarti suka taru a kaina, suka ɗaure ni da igiyar lodin kaya, ita ma sai da ta tsinke. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Abin da idona ya gani a ciki shi ne, duk wanda aka saka ya je gida sannan aka dawo da shi, to ya zama ɗan gida, a can furfura za ta same shi. Ni da aka sallame ni ko waiwaye ban yi ba. Har yau ina zuwa karɓar ƙwayata, amma a tagar waje nake tsayawa. Ƙofar ciki kuwa, ko inuwarta ba na takawa.

To, labarin na Auta ne, 'yata ta ƙarshe. Bayan ta haihu barci ya ƙaurace mata, abinci ya ƙi shiga. Sai ta zauna ta zuba wa jaririyar ido tana hawaye, tana cewa ba ta isa ta riƙe ta ba. Wata safiya ta miƙa yarinyar ga uwar mijinta, ta juya ta ce wa mijin, "Kai ni asibitin da Baba yake karɓar magani." Mijin nan nata mai gyaran firji ne, salihi, in yana magana sai ka kara kunne. Ya ɗauke ta a babur ya kai ta.

Da yake ba na shiga, shugabar ɗakin mata ce take fitowa ta same ni a bencin baranda. Sista Doguwa ake ce mata. Na ga mata masu riƙe da mabuɗi iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda ta zauna kusa da ni a benci ɗaya tana bare mini lemo ba sai ita.

Ta ce, "Baba, 'yarka kwanciyar son rai ta yi."

Na ce, "Son rai? Akwai wanda ransa zai so ya kawo shi nan?"

"Ga taka nan. Kai kwanciyar dole aka yi maka. Ta dole tana nan har yanzu, amma sai ga wanda ake tsoron zai cutar da kansa ko wani, kuma likita ɗaya ba ya yanke ta shi kaɗai. Ita Auta da bakinta ta nema. Duk ranar da ta ce za ta tafi, za mu zauna mu ba ta shawara, amma ba za mu riƙe mata zani ba."

Na ce a raina, daɗin baki. Na dai shanye lemon.

Da jiki ya fara kyau, Sista ta tara mu a bencin nan, ni da surukina da mahaifiyarsa. Ta ce likita ya ba Auta hutun gwaji.

"Ku ji da kyau, ba sallama ba ce. Za ta je gida ranar Juma'a, a ga yadda barci zai yi, yadda abinci zai shiga, yadda za ta ji in ta ɗauki 'yarta. Gadonta yana nan da sunanta har azahar ɗin Litinin. In ta dawo, likita ya ji yadda aka yi, ya ƙarasa daidaita maganin, sai a shirya sallama ta gaskiya, da ranar ganin likita, da ma'aikaciyar da za ta riƙa leƙa ta a gida. In kuwa azahar ta wuce ba ta zo ba, akwai masu jiran gado a bakin ƙofa. Za a ba wata, ita kuma a ce ta fita ba da yardar likita ba."

Uwar mijin ta gyara mayafi. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne ya kama ta tun ranar da aka miƙa mata jinjira. Ta ce, "Ni dai zan riƙa kawo yarinyar da rana ta gan ta. Amma komawa hannunta gaba ɗaya, sai ranar da likita ya ce ya sallame ta. In ba haka ba, ba zan iya ba."

Aka yanke a gidana za ta yi hutun, tunda mijin yana fita aiki, ni kuwa na ajiye shago, kayan aikin ma duk na kwaso su tsakar gida.

Kai, ban taɓa ganin ƙarshen mako mai daɗin wannan ba. Auta ta yi barci har da munshari. Ta ci, ta ƙara. Ta share tsakar gida tana yi mini faɗa a kan guntayen ƙarfe. Da kakar ta kawo jinjirar, na karɓe ta na ce, "Amaryata, har yanzu ba ki yi gashi ba? To ni ba na auren mai sanƙo." Auta ta yi dariya har ta dafa bango. Ta karɓi 'yarta, ta yi mata wanka da kanta, ta shafa mata mai, ba hawaye ko ɗigo. Da yamma kakar ta goya abarta ta tafi, Auta ta raka su bakin ƙofa ta dawo ta sha maganinta.

Ni kuwa ina zaune ina auna abin. Yarinya ta warke, idon kowa ya gani. Me za ta koma yi? Su waɗanda na gani an mayar a zamanina, haka aka ce musu, ku zo likita ya gan ku. Na ce wallahi ba da 'yar Ƙarfe ba.

Safiyar Litinin aka wayi gari da wutar lantarki. Auta tana bayan gida tana wanka. Na jawo injina, na sa gilashi, na zura sakatar ƙofar gida, na ɗora mata walda sama da ƙasa. Aiki ya yi kyau, kamar tare aka haife su.

Ta fito da jakarta a kafaɗa daidai lokacin da baburin mijin ya tsaya a waje. Ta ja sakata. Ta sake ja. Ta sunkuya ta duba, ta taɓa wurin, da sauran ɗumi. A shagona ta tashi, ba sai an gaya mata ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Gyara na yi."

"Gyaran da ya hana ƙofa buɗewa?"

Daga waje surukina ya ƙwanƙwasa a hankali, sai ka ce mai neman aron gishiri. "Baba, ina kwana. Kamar ƙofar ta cije."

Na ce, "Ba cijewa ta yi ba, ni na cije ta. Koma wurin firjinka. Matarka ta warke, ba inda za ta."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi ihu, na ma shirya abin da zan ce. Sai ta ajiye jakar, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a gabana.

"Baba, na ji sauƙi, gaskiya ne. Amma jiya da suka tafi da ita, abin nan ya taso mini a ƙirji, ya daɗe bai sauka ba. Ban gaya maka ba, likita nake so in gaya wa. Shi ya sa ake ce masa gwaji."

"In kin shiga ba za su sake ki ba. Ni na kwanta a can, na fi ki sanin su."

"Ka san na zamaninka. Ni tunda na kwanta ba wanda ya taɓa kulle ni. Kullum da yamma ina fita lambu in dawo. Yau ce rana ta farko da aka rufe mini ƙofa, kuma a gidan ubana." Ta kafa mini ido. "In azahar ta yi ina nan, gado ya tafi, sallama ta tafi, yarinyar nan kuma ta zauna a bayan kakarta. Kai za ka je ka karɓo mini ita?"

Ba wai na yi kuskure ba ne, a'a, zamani ne ya canza bai aiko mini ba. Na miƙe na ce, "Matsa, in yanke."

Na jona injin yankan ƙarfe, na danna. Shiru. An ɗauke wuta.

Sai zarton hannu. To ga inda ƙwarewa take zama wa mutum masifa: da waldar yaran yanzu ce, da takalmi zan buge ta ta faɗi. Tawa kuwa, sai wanda ya gwada. Na ci ta ƙasa da kyar, gumi har cikin ido, rana tana ta hawa katanga. Surukina yana leƙowa ta ramin ƙofa yana cewa, "Sannu Baba, Allah ya ƙara ƙarfi," kamar ba shi na kora ba. Da na kai rabin ta sama, hannuna ya mutu, zarton ya suɓuce.

Auta ta ɗauka. Maganin yana sa mata rawar hannu, na ce ta bari za ta ji ciwo. Ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta kafa ƙafa ɗaya a jikin ƙofar yadda nake yi, ta fara ja.

"Dogon ja, Auta, kar ki danna!"

"Na sani, Baba. Riƙe mini sakatar kawai."

Na riƙe. Ban taɓa zama yaron shagon kowa ba sai ranar. Ƙarfen ya yi ƙara ya rabu, ƙofa ta wangale, surukina ya kusa faɗowa ciki.

Su biyu a babur, ni a bayansu a motar haya ina zagin direba. Na tarar da su a baranda, Sista Doguwa tana duba tafin hannun Auta da ya tashi. Ta ce, "Me ya same ki?" Auta ta ce, "Aikin gida ne." Sista ta dubi baƙin da ke rigata, ta dube ni. Sai ta ce, "Baba, likita yana son jin ta bakin wanda ta yi hutu a wurinsa. A ciki yake."

Na shiga. Labule ne a tagogi, wata tana yi wa wata kitso a bakin gado. Likitan yaro ne, ya miƙe ya ba ni kujera. Auta ta gaya masa komai, har abin da ya taso mata a ƙirji, ba ta rage ba. Ya ce zai ɗan taɓa maganin, ta ƙara kwana kaɗan.

Ba a daɗe ba aka sallame ta. Sista ta bi mu da bayani ɗaya bayan ɗaya: ga ranar dawowa ganin likita, ga matar da za ta riƙa zuwa gida, ga alamun da in an gani kar a jira. Muna fitowa sai ga uwar mijin a bakin ƙofar asibitin, ba wanda ya aika mata. Ta kwance goyon ta miƙa.

Auta ta sunkuya ta ɗora 'yarta a baya. Hannun yana rawa, bakin zanin ya suɓuce. Mijin ya matso, kakar ta matso, ni ma na miƙa hannu. Ta ce, "Ku bari." Ta kama shi da haƙori, ta ja, ta ɗaure tamau, ta girgiza kafaɗa ta ji ya zauna. Sannan ta wuce gaba, muka bi ta a baya.