Wa Ya Kai Ƙarar Mai Walda?

Tun ranar da ma'aikatan hukumar gari suka ɗauke injin waldarsa daga bakin titi, Mai Walda bai sake kallon kowa a layinsu da idon rahama ba. Sun ce wani ne ya kai ƙorafi, wai ya tare hanya, tartsatsinsa na ɓarna. Wane ne? Suka ce ya zo kotu ya ji. Ga ƙofar wani gida da ya karɓi aikinta, rabi a haɗe rabi a ƙasa, mai gidan kuwa ya rantse in mako ya fita zai kai wa wani.

Ya zargi mai kemis, don ta daina amsa gaisuwarsa. Ya zargi ƙanin matarsa, wanda ya daɗe yana kwaɗayin wurin. Har mai wankin mota bai tsira ba. Tela kaɗai ya ware, maƙwabcin shagonsa, da suke cin abincin rana a kwano ɗaya.

Shi ya sa da aka ce ya taho da wanda zai tsaya masa, Tela ya nufa. Tela ya ce ciki ke murɗa masa. Ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Mai Walda ya zare wayar keken ɗinkin Tela daga bango, ya ce yau ko a kan gadon asibiti yake sai ya raka shi.

Kotun ɗaki ne mai fanka ɗaya, benci ya cika da masu ƙananan laifi: mai babur da ya bi hannun da ba nasa ba, matar da ta zubar da shara a kwata, wasu biyu da suka dambace a kan wurin ajiye mota. Magatakarda na kira, alƙali na tambaya ko an amsa laifi, a yanka tara, a kira na gaba. Kamar ana sheƙar hatsi.

Wani direba da ya saba da bencin ya raɗa wa Mai Walda sirrin wurin. Irin ƙararsa, in aka kira mai ƙorafi bai tashi ba, korar ta ake yi nan take, a miƙo wa mutum kayansa. Yawancinsu ma ba sa zuwa, fushin rana ɗaya ne.

Mai Walda ya waiga, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu mai kemis. Babu ƙanin matarsa. Zuciyarsa ta fara sanyi, ya zunguri Tela.

"Maƙwabci, munafukin bai zo ba. Yau da injina zan kwana."

Tela bai yi dariya ba. Gumi yake, ya ce bari ya zaga bayan gida. Mai Walda ya riƙe masa gefen riga, ya ce ya daure, su ne na gaba.

Aka kira Mai Walda, ya tashi. Magatakarda ya ɗaga murya ya kira mai ƙorafi, da cikakken suna. Sunan da Mai Walda yake gani kullum a allon shagon da ke manne da nasa.

Tela ya sunkuyar da kai, ya yi kamar ba shi ba. Sai dai ɗan sandan da ke tsaye a ƙofa shi ya karɓi ƙorafin tun farko, ya kuwa nuna shi da baki.

"Ga shi nan zaune, ranka ya daɗe."

Tela ya miƙe kamar kazar da ruwa ya daka. Ya ce tartsatsi ne ya huda masa yadin mutane da ya shanya, ya yi magana aka mayar da ita wasa, ranar ya tafi cikin fushi. Ya ce tuni ya huce, niyyarsa ya ƙi zuwa maganar ta mutu.

"To me ya kawo ka?" in ji alƙali.

"Shi ya jawo ni."

Bencin ya ɗauki dariya, magatakarda ya buga tebur. Alƙali ya ce tunda mai ƙorafi ya bayyana, ba a korar ƙara. Za a saki injin bisa sharaɗin a mayar da aiki cikin shago, amma sai wani ya tsaya wa mai laifi. Mai Walda ya buɗe baki ya nuna Tela, alƙali ya girgiza kai: mai ƙorafi ba ya tsaya wa wanda ya kai ƙara. In ba a samu wani ba kafin a tashi, sai zama na gaba, bayan mako biyu.

A baranda Tela ya biyo shi yana "Yaya, tsaya ka ji." Mai Walda bai juya ba. Ta tagar ɗakin ajiya ya hango injinsa tsakanin wasu baro da tayoyi, an ɗaure masa lamba a hannu. Ya ciro waya yana bin sunayen mutanen layinsu, yana neman wanda bai zarga ba a makon nan. Yana cikin nema masinja ya fito ya fara rufe tagogin kotu.