Ragowar Tsohuwa

Injiniya ta danna maɓallin ƙarshe, ta jingina da kujera ta zuba wa allon kwamfutar ido. Gwaje-gwajen suka fara gudu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya gama sai layinsa ya koma kore. Ko ƙiftawa ba ta yi ba har na ƙarshe ya wuce.

"Duk sun ci," in ji Dogo, abokin aikinta, wanda ke tsaye a bayanta riƙe da kofi. "Tashi ki kama hanya, kada a shiga da Baba ba kya nan."

"Kora ta kake yi?"

"Ni a wa? Tuna miki kawai nake yi."

Ofishin nasu shi ne hukumar rajistar sunayen intanet. Duk wani suna da mutum zai rubuta ya buɗe shafi, na banki ne ko na makaranta ko na mai sayar da takalma, in dai da haruffan da ke nuna ƙasar nan ya ƙare, to a nan ake ajiye shi. Lokaci zuwa lokaci manhajarsu takan haɗa wani babban fayil mai nuna inda kowane suna ke kai mutum, ta aika wa sabobi, manyan kwamfutocin da duniya ke tambaya. In fayil ɗin ya fita daidai, ba wanda ya san ma'aikatan na raye. In ya fita da kuskure kuwa, har wanda bai taɓa jin sunan hukumar ba sai ya nemo lambar wayarta.

Kod ɗin manhajar da ke wannan aiki Injiniya ce ta rubuta shi da hannunta, tun hukumar tana ɗaki guda mai fanka mai kuka. A lokacin ita kaɗai ce, don haka ta zuba komai wuri ɗaya: rajista, sabuntawa, gogewa, aika saƙo, haɗa babban fayil. Shekaru suka yi ta tafiya ana ƙara faci a kan faci, har abin ya zama in ka taɓa nan sai can ya yi ƙara. 'Yan ofis suka sa masa suna Tsohuwa, don ba ta jin maganar kowa sai ta Injiniya, ita ɗin ma sai da lallashi.

Da farko abin ya yi mata daɗi. Wa zai ƙi a ce in ba shi ba sai a rufe ofis? Amma Tsohuwa ta zame mata ƙarfen ƙafa. Ranar da ɗanta ya karɓi kyauta a makaranta, ana tafi ta sulale ta bayan kujeru don amsa kiran ofis. Lokacin da Innarsu ke kwance a asibiti, rabin jinyar a baranda ta yi shi da kwamfuta a kan cinya. Wannan na ƙarshe har yau yana ci mata rai, shi ne ma ya sa ta ci ɗamara. Fiye da shekara ita da Dogo da Gajere, injiniyansu na uku, suna warware Tsohuwa yanki-yanki. Kowane aiki suka ware masa wurinsa da suna mai ma'ana, suka rubuta masa gwajin da zai yi kuka in an ɓata shi. Ta kuma kafa doka: duk gyaran da mutum biyu suka duba suka yarda da shi, ya shiga, ba sai an jira ta ba.

Yanki ɗaya kawai ya rage, wanda ke kula da sunan da mai shi ya ɗauke daga hannun wani dillalin rajista zuwa wani. A samansa ta rubuta da manyan baƙaƙe, kada a taɓa sai an tambaye ta. Takan ce lokaci ne bai ba ta dama ba. Gaskiyar magana ita ce, shi ne abu na farko da ta rubuta a ofishin nan ya yi aiki, kuma tana son abinta.

"Ragowar Tsohuwa fa?" Dogo ya tambaya, ganin ta rataya jaka.

"Bar min ita. In na dawo zan ji da ita."

"In ta yi tari kafin nan?"

"Ba za ta yi ba. In ma ta yi, Mai Gadi na nan."

Mai Gadi wani ɗan kod ne da ta kafa a bakin ƙofa. Yakan duba babban fayil kafin ya fita. In ya ga aibu sai ya tare shi, ya bar na baya yana aiki, ya tura ƙararrawa wayoyinsu. Ta yarda da shi fiye da yadda ta yarda da mutane da yawa.

A asibitin ido ta tarar da su kan dogon benci. Baba, tsohon tela, ya zauna cikin rigar asibiti yana lailaya ɗinkin wuyanta da yatsa yana tsaki. Yanar ido ce ta rufe masa na hagu, yau za a cire ta. Kusa da shi Yaya ne, babban wanta mai shagon kayan gyaran mota, ya baje ya ci wurin mutum biyu.

"Ga uwar intanet nan," in ji Yaya. "Auta, wa kika bar wa duniyar?"

"Na bar ta a hannun masu ita. Matsa min."

Ta durƙusa ta gaida Baba. Ya kama hannunta, ta ji tafinsa da sanyi. Mutumin da ya yi shekaru yana zura zare a allura bai taɓa tsoronta ba, yau an ce za a kusanto da ita idonsa, duk ya tsure.

"Yayanki ya ce kin gama aikin nan da ya hana ki zuwa gida. Wai me kuka gina ne?"

"Ba mu gina komai ba, Baba. Irin naka ne. A kawo maka tsohuwar riga, ka warware ɗinkin ciki ka sake shi, mai ita ya sa bai ga bambanci ba."

"To me ya ƙaru?" in ji Yaya.

"Ba za ta yage masa a kasuwa ba," Baba ya ba shi amsa. "Kai dai ba ka san komai ba sai ƙarfe."

Suka yi dariya. Da nas ta leƙo ta ce ya shirya, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Auta, za ki tsaya kuwa?"

"Ina nan, Baba, har ka fito."

"Haka kika ce lokacin Innarku."

Ba da faɗa ya faɗe shi ba, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi. Ta zaro wayarta ta miƙa wa Yaya a gaban idon Baba mai gani.

"Riƙe. Ko kuka ta yi kada ka ba ni."

Aka shiga da Baba, ƙofa ta rufe. Suka zauna suna kallon wata mata da ke ƙoƙarin ɗiga wa mijinta magani a ido, shi kuma yana kau da kai kamar yaro. Ba a daɗe ba Yaya ya zabura ya dafe aljihu.

"Kai! Abin nan naki cizo yake yi?"

Ta kasa kunne. Ta san irin wannan rawar, gajere biyu dogo ɗaya. Ba kiran mutum ba ne, Mai Gadi ne. Ya tare babban fayil kenan.

"Bar ta," ta ce.

Wayar ta sake rawa, ta kuma sakewa. Yaya ya zaro ta ya riƙe da yatsa biyu.

"Karɓi abinki. Wallahi ba zan faɗa wa Baba ba."

"Mayar aljihu. Ciro taka, buɗe min shafin shagonka."

Ya buɗe. Hotunan fitilu da birki suka bayyana, da shi kansa tsaye a ƙofar shago ya riƙe ƙugu.

"Ya buɗe ai."

"To shi ke nan. Tsohon fayil na aiki, ba wanda ya rasa komai. Masu sabon suna ne kawai za su ɗan jira."

Ta faɗi haka da cikakken tabbaci, kuma ba ƙarya take yi ba. Ita ta gina ƙofar, ta san ba za ta ɓalle ba. Amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta koma ofis. Ta san wurin, ba sai an gaya mata ba. Ragowar Tsohuwa ce. Ta fara lissafin abin da za ta ce wa Dogo in ya kira: ya buɗe wuri kaza, ya sauko ƙasa kaɗan, kada ya yarda da sunan da ta sa wa abin, don ba aikin da yake yi kenan ba. Har ta shirya yadda za ta ce masa ba za ta iya zuwa ba, da murya mai nauyi, don ya san abin da ta sadaukar.

Sai wayar ta yi shiru.

Matar nan ta gama ɗiga maganinta suka tafi. Aka fito da wani dattijo a keke, aka shiga da wani. Yaya ya fara gyangyaɗi. Injiniya ta miƙe ta je bakin taga ta dawo, ta gyara zaman jakarta, ta karanta duk takardun da aka manna a bango har da na wanke hannu. Rawar wayar ba ta dame ta kamar yadda shirun nan ya dame ta ba. Daga ƙarshe ta taɓa kafaɗar Yaya.

"Ba ni in gani."

"Ke kika ce ko kuka ta yi..."

"Ai ta daina kukan. Kawo."

Ta fara duba jerin kira. Babu ko ɗaya. Ta shiga zauren hirar ofis, ta tarar da saƙon Dogo, wanda ba ma da ita yake ba.

Wani dillali ne ya turo suna yana ɗauke shi yana kuma sabunta shi a lokaci guda, Ragowar Tsohuwa ta rikice ta rubuta sunan sau biyu. Mai Gadi ya tare, ya nuna layin. Dogo ya rubuta gwajin da ya kama kuskuren, ya cire yankin gaba ɗayansa, ya maye shi da 'yan layuka masu amfani da sababbin sassan. Gajere ya duba ya amince. Babban fayil ya fita lafiya. A ƙasa Gajere ya ƙara da cewa, "Kada kowa ya dami Injiniya, tana asibiti."

Kanta ya ɗau zafi. Da manyan baƙaƙe fa ta rubuta! Ta buɗe gyaran a kan ɗan allon wayar, ta matso da shi kusa da fuska, tana neman inda ya yi kuskure kamar mai tsintar tsakuwa a cikin hatsi. Ja ya cika gefe guda, duk aikinta na ƙuruciya ne da aka goge, har da gargaɗin da ke samansa. Kore kaɗan ne a ɗaya gefen. Ta karanta daga sama zuwa ƙasa, ta sake komawa. Sunayen a sarari suke. Gwajin ya rufe har inda ita kanta ba ta yi tunani ba. Kuma mutum biyu ne suka duba, kamar yadda dokarta ta ce.

"Lafiya?" in ji Yaya. "Duniyar ta rushe ne?"

"Sun gyara."

"Ba ke?"

"Ba ni."

"To ai abin murna ne. Me ya sa kika yi fuska kamar an ci bashinki?"

Ta mayar da ido kan allon wayar. Murnar tana nan, ta ji ta sosai, don abin da ta kwashe fiye da shekara tana nema kenan, kuma ga shi ya tsaya da ƙafafunsa. Amma ƙarƙashin murnar akwai wani abu mai zafi da ba ta shirya masa ba. Ta fara rubuta wa Dogo cewa da ya bari ta dawo. Ta tsaya ta kalli kalmomin, ta goge. Ta rubuta, "Aiki ya yi kyau," ta tura.

Ƙofa ta buɗe, nas ta turo Baba a keke, an rufe masa idon hagu da farar auduga. Yana ta juya kai yana laluben mutane da ɗayan.

"Auta ce?"

"Ni ce, Baba. Sannu. Ya jikin?"

"Wasan yara. Ban ji komai ba." Sai idonsa ya sauka kan wayar da ke hannunta. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba. "Kin cika alkawari, na gode. Je ki, kada ki sa mutane jira. Yayanki zai kai ni gida."

"Ba inda za ni."

"Ba su neme ki ba?"

"Ba su neme ni ba, Baba."

Ta so maganar ta fita da alfahari, sai ta fita a sanyaye. Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ta da kyau, ya daɗe yana kallonta.

"Ko kira ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Hm. Ni ma da na bar wa yara shago, haka na yi ta zama a ƙofar gida ina jiran a aiko."

"Aka aiko?"

"Ina fa." Ya yi 'yar dariya, ya dafe audugar don kada ta motsa. "Tura ni mu tafi."

Ta jefa wayar cikin jaka, ta karɓi hannun keken daga wurin nas.