Akwatin Shukar Shatu

Tun da Labaran kafinta ya kwaso iyalinsa daga ƙauyensu na ƙasar Maradun ya dawo Talata Mafara, ba wanda ya isa ya yi masa gaisuwar mutuwa. Ɗansa Muttaka ya fita gona wata safiya, 'yan bindiga suka tare hanya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a kira waya ba, ba a tsinci gawa ba, ko takalminsa ba a gani ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. 'Yan'uwa suka yi ta lallaɓa Labaran a yi wa yaron salla a shimfiɗa tabarma, ya ce sam. Duk wanda ya yi suɓul da baka ya ce Allah ya jiƙan Muttaka, to ranar sai ya gane Labaran ba kurma ba ne. Mutum ne mai taurin kai tun yana da baƙin gashi, balle yanzu da baƙin ciki ya ƙara masa.

Matarsa Shatu ba ta musu da shi. Abin da ya fi damunta a fili shi ne gidan hayar da suka samu, wanda aka malale da siminti tun daga zaure har bakin rijiya. Matar da ta tashi da ƙasa a farcenta, yau ko yakuwar miya sai ta aika kasuwa. Wata rana ta ce masa ta ga wani akwatin katako a barandar wata ma'aikaciyar asibiti, an cika shi da ƙasa an shuka furanni.

"Malam, ka yi min irinai mana," in ji ta. "Ko na samu abin ban ruwa."

Labaran ya ji daɗin roƙon, don rabon da ta nemi wani abu a wurinsa har ya manta. Ya je wani sito inda ake sauke taki, ya samo tsofaffin katakan da ake ɗora buhuna a kansu, waɗanda suka kakkarye aka jingine a bayan gini. Ya wuni yana ɓamɓare su, yana zare ƙusoshi masu tsatsa yana miƙar da su da guduma. Katakon sai warin taki yake, amma da ya goge shi sai ga farin itace mai kyau.

Tef ɗinsa na awo yana can ƙauye tare da sauran kayan aikinsa. Wannan bai dame shi ba. Ya zaro karan dawa daga dangar maƙwabta, ya karya shi inda hannunsa ya ga dama, ya yi awon tsawo da shi. Faɗi kuma ya yi da kamu. Haka ya saba. A ƙauyensu shi ne mai yanka itacen rufe kabari, kuma a shekarun nan na tashin hankali an sha shigo masa da karan da aka auna mamaci da shi, har ya kai ba ya tambayar na wane ne.

Akwatin ya fito tsaf. Ya huda masa ƙofofin ruwa a ƙasa, ya shafa shuɗin fenti, ya jawo shi jikin bangon baranda inda inuwa take. Shatu ta sa aka kawo mata jar ƙasa daga fadamar Bakolori. Ta zuba har ta yi tozo a tsakiya, don ta san in ta sha ruwa za ta kwanta. Sannan ta ɗebo ruwa a ƙwarya tana yayyafawa da hannu, tana bi tana daddaɓe ƙasar.

Ana cikin haka maƙwabciyarsu Taibatu ta shigo aron rariya. Mace ce mai baki, tun daga zaure ake jin sallamarta. Tana ɗaga ido ta ga abin da ke baranda, sai ta tsaya cak. Ta ja mayafi ta rufe kai.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Shatu, mi na wanga?"

"Shuka za ni yi."

Taibatu ta fita ba rariya.

Sai a lokacin Labaran ya ja da baya ya dubi aikinsa da idon baƙo. Dogo ne, siriri, kansa kudu ƙafarsa arewa, ga jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi tudu da shatin tafin hannu a kanta. Ya ɗauki karan nan da ya yar a gefe, ya tsayar da shi a gabansa. Karan ya ɗara kansa da taƙi guda. Muttaka ne kaɗai a gidansu ya fi shi tsawo, kuma da daidai haka ya fi shi. Tsoro ya kama Labaran, irin wanda bai ji ba ko ranar da suka gudo. Watanni yana faɗa da gari a kan ɗansa na da rai, ashe hannunsa ya daɗe da yanke hukuncinsa.

Ya wawuri guduma ya nufi akwatin. Shatu ta riga shi, ta zauna a bakinsa ta ɗora hannu a kan ƙasar.

"Tashi in ɓalle shi," ya ce. "Kuskure na. In yi miki wani mai kusurwa huɗu daidai."

"Ni na gani tun kana jera katako," in ji ta. "Ban hana ka ba."

"Ke kin san abin da kika hwaɗi? Yaron ga bai mutu ba!"

"Malam, kai kana hita. Kana zama bakin kasuwa, kana tambayar direbobi, kana da abin yi da jiran ga naka. Ni ina nan cikin siminti. In na yi kuka ka ce na yi mai mugun baki. Ban san inda shike ba, ban san inda za ni dubi in yi mai addu'a ba. Ka bar min wanga."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta yi hawaye ba. Labaran ya tsaya da guduma a hannu har ta yi masa nauyi. Ya tuna bai taɓa tambayarta yadda take kwana ba, shi dai nasa ya sani. Kunya ta rufe shi.

Ya ajiye gudumar ya shiga ɗaki. Ya fito da babbar tabarmarsu a naɗe, ya ratsa zaure, ya shimfiɗa ta a ƙofar gida ya zauna. Rana ta yi la'asar, mutane suna dawowa daga masallaci. Malam Manu, limamin unguwa, ya hango shi. Ya dubi tabarmar, ya dubi fuskar Labaran, ya cire takalmi ya tsuguna a gabansa. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da gajiya, sannan ya ɗan dakata kamar mai jiran a kore shi.

"Ya haƙuri, Labaran? Allah shi jiƙan Muttaka."

Daga cikin gida Labaran yana jin ƙarar ruwa yana sauka a kan ƙasa.

"Amin," ya ce.