Ranar Da Tela Ya Riƙe Wayar Fulogi

Tun da idanun Baba suka yi hazo, autarsa ce ke tuƙa kwalekwalen, shi kuwa sai ya zauna dab da inji yana kasa kunne. Ran nan da hantsi suka ɗauko mijinta, tela ne mai tsoron ruwa, zai kai ɗinki tsallake. Suna tsakiyar kogi injin ya ɗauke ɗif. Ruwa ya fara jan su gangare, wajen duwatsu.

Auta ta yi ta fizgar igiyar inji har kafaɗarta ta yi tsami. Shiru.

"Bar shi haka," in ji Baba. "Jefa dutsen nan mai igiya mu tsaya tukuna. Injin da mai ya yanke wa sai ya yi tari, ya yi shaƙuwa, kafin ya mutu. Wannan kuwa kamar an hure fitila. Wuta ce."

Ta buɗe murfi, ta kwance fulogi da sifana ta miƙa masa. Ya shinshina.

"Jiƙe yake da fetur. Mai na zuwa, mai kunna shi ne babu."

Ta maida fulogin kan wayarsa, ta jingina shi da ƙarfen inji, ta ja igiya tana duban ko zai yi tartsatsi. Amma rana na dukan ruwa tana kashe ido, ba ta ga komai ba. Baba ya miƙo hannu.

"Cire fulogin, ba ni bakin wayar. Ni yanzu yatsuna ne idona."

Tela, wanda tun ɗazu ke ƙanƙame da ƙunshin kayansa, kunya ta kama shi.

"Haba Baba, ina zaune? Kawo in riƙe."

"Maigida, cizo gare ta fa," in ji Auta.

"Allura ma na cizo."

Ya riƙe, ta ja. Ko gezau bai yi ba.

"To, mun wanke fulogi," in ji Baba. "Wutar ba ta ma isowa gare shi."

Auta ta dubi faɗin ruwan da ya rage. "In kwayil mai ba da wutar ne ya ƙone, Baba, sai dai mu tuƙa da filafili."

"Kada ki ɗora wa kwayil laifi ba shaida. Bi siririyar wayar da ke zuwa maɓallin kashe inji. Da yatsa za ki bi ta, sannu."

Ta bi ta har ƙarƙashin abin tuƙi. Can ta tarar roba ta goge, jan ƙarfen ya fito yana taɓa jikin inji.

"Shi ke nan," in ji Baba. "Ta nan duk wutar take zurarewa. Ke kina ce masa tashi, waya na ce masa kwanta. Zare ta."

Ta zare. Tela na nan riƙe da bakin wayar, har ya saki jiki yana kallon tsuntsaye. Ta fizgi igiya.

Hannunsa ya yi sama, diddigensa ya doki katakon kwalekwale. Amma gaban suruki ne, sai ya haɗiye ihun, hawaye kawai suka cika masa ido.

"Wutar ta zo?" in ji Baba.

"Ta zo, Baba. Har gwiwar hannu."

Auta ta kau da kai tana danne dariya. Ta goge fulogin da tsumma ta ɗaure. Tela ya yagi leda ya naɗe wurin da ya goge, ya ƙulle da zaren da ke aljihunsa, ƙulli irin na masu sana'a. Auta ta maida wayoyin biyu, ta ɗago dutse, ta ja igiyar inji. Injin ya kama, ƙararsa garau.

Da suka isa gaɓa tela ya sauka yana yarfe hannu.

"Yaushe za mu dawo mu ɗauke ka, ɗana?" in ji Baba.

"Da la'asar, Baba. Ku taho da sabuwar waya don Allah."