Karen da Ya Fito daga Babban Duhu

Labarin karen ya riga shi isowa Yasore da kwana biyu. Wata mai tallar daddawa ce ta zo da shi daga Babban Duhu. Ta ce baƙi ne mai farin wuya, yawu na dalala daga bakinsa, ba ya haushi kuma ba ya gudun jifa. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, kowa ya san mahaukacin kare ne. Shekara biyu da suka wuce mun ga abin da cizon irinsa ya yi wa wani makiyayi, Usaini, wanda sai da aka ɗaure shi a gindin tsamiya yana kuka irin na kare har rai ya yi halinsa.

Mazan garin duk suna Ruma, an kira su gyaran ganuwa saboda raɗe-raɗin mahayan Maraɗi. A gidanmu daga ni sai uwar mijina, Inna Lami, sai ɗana na fari da nake kira Jinjiri, tunda sunansa ya fi ƙarfin bakina. Watansa tara, kuma kwanansa uku ke nan da zazzaɓi. Dangar gidan ta ɓule ta wajen da jakuna suka cinye karan, ƙofar ɗaki kuwa tufaniya ce kawai. Da hantsin rana ta uku na leƙa randa na ga gindinta.

Rijiyoyin rafi na da nisa. Ba zan goya yaro mai zazzaɓi cikin rana ba, da tulu a kaina, a hanyar da aka ce kare na bi. Sai na shiga ɗaki na ɗauko sandar da yayana Hamma ya sassaƙa min tun ina bin shanu.

"Inna, zan je ruwa. Amma ina so in nuna miki wani abu kafin in tafi."

Ta dubi sandar, ta dube ni. "Ke 'yar Fulani, ni za ki koya wa duka? Na daki mijinki Muntaka da ƙannensa huɗu, ki tambaye su in akwai wanda bai ji a jikinsa ba."

"Su ai tsayawa suke yi, Inna."

Na ajiye tsohon duma a tsakar gida na ce ta ɗauka shi ne karen. Ta karɓi sandar, ta haɗe ƙafafu, ta ɗaga ta sama da kanta da hannu biyu ta sauke. Duman ya tarwatse.

"To, ga karenki nan," in ji ta.

"Wannan daka ne, Inna. Turmi ba ya motsi. Kare da ya ga hannu ya tashi sama, ciki yake shigowa, kafin sandar ta sauko ya riga ya kama ki. Ƙasa-ƙasa ake bugunsa, daga gefe, a ƙafafun gaba. In ƙafa ta karye, sauran mai sauƙi ne."

Ta yi tsaki amma ba ta ajiye sandar ba. Na tsinto ƙwallon goruba guda shida na jera su a ƙasa.

Na fara da tsayuwa. Na ce ta buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunta, ta ba abin da za ta buga gefen hagunta, ta ɗan saki gwiwa kamar mai shirin ɗaukar tulu. Sannan riƙo: hannun hagu a ƙarshen sanda, na dama a ƙasansa, suna taɓa juna.

"Kada ki matse ta, Inna. Kin shaƙe ta kamar wuyan kaza."

"In ta suɓuce fa?"

"Ba za ta suɓuce ba. Hannun da ya sandare shi ne ba ya sauri."

Na tsaya bayanta na kama ƙugunta. A wani lokacin da kunya ba za ta bar ni ba. Na juya ta dama har sandar ta koma baya daidai ƙugu, na ce nan za ta tsaya, kada ta haura kafaɗa.

"Yanzu ki dawo da ƙugun, hannu zai biyo shi da kansa. Ƙarfin ba a damtse yake ba. Ido kuma a kan goruba, ba a kan sanda ba."

A bugun farko ta tono ƙasa. A na biyu sandar ta wuce ta saman gorubar, har Inna ta kusa faɗuwa.

"Kin ɗaga kai ne don ki ga inda za ta je, alhali ba ki buge ta ba tukuna."

"Allah ya haɗa ni da suruka mai baki."

A na uku ta taɓa gorubar, amma ta tsayar da sandar nan take, gorubar ta ɗan gangara ta tsaya. Na ce mata kada ta yi niyyar bugun abin, ta yi niyyar wucewa ta cikinsa, ta bar sandar ta tafi har ta ƙare a kafaɗar hagu. A na huɗu gorubar ta tashi ta bugi rumbu, ƙwas. Inna ta ɗan yi murmushi, ta ɓoye. A na biyar, da na tafa hannu ba zato don in firgita ta, sandar ta tashi sama da kanta kamar taɓarya.

Daga cikin ɗaki Jinjiri ya yi ɗan kukan nan mara ƙarfi.

"Tafi ki ɗebo ruwan," in ji ta. "Yaron nan leɓensa ya bushe."

Hanyar rafi ba kowa. Ko awaki ba a saki ba ranar. Ina tafiya ina duban gindin kowace sabara, da guntun icce a hannuna. A rijiya na iske mata biyu kawai, kowa na jan guga ba hira. Na cika tulu na ɗora, sai ɗaya daga cikinsu ta ce wai ɗazu an hango shi wajen kukar da ke yamma da gari. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta yamma.

Ban yar da tulun ba, don ruwan na zo nema. Na riƙe shi da hannu biyu na yi ta sassarfa, rabinsa ya ƙare a bayana.

Tun daga ɓular danga na ga sawun. Karen na kwance a bakin ƙofar ɗaki, ƙafafunsa na gaba a karye, an fasa kansa da taɓarya, ƙudaje har sun taru. Na tsallake shi na faɗa ɗaki. Shimfiɗar yaron ba kowa. Sai na ji motsi sama da kaina. Inna ta saka shi cikin babbar ƙwarya ta rataye a ragaya, can kusa da jinka. Na sauko da shi, na tuɓe shi, na duba shi tun daga tafin ƙafa har bayan kunne. Babu ko ƙwarzane.

Sannan na ga Inna. Tana zaune a gindin rumbu, ta naɗe hannun hagu cikin gefen zaninta.

"Na yi yadda kika ce," ta faɗa tun ban tambaya ba. "Ya tafi kamar gorubar nan. Amma a bugu na biyu ne. Na farko hannun ne ya tashi da kansa. Shekara arba'in yana tashi, ɗiyata."

Na kwance zanin. Haƙora huɗu ne a ƙasan gwiwar hannu, biyu sun shiga sosai.

Na hura wuta na saka wuƙa a ciki. Kafin ta yi ja na wanke wurin da ruwan toka, na matse, na sake wankewa, har saura kaɗan a tulun, wanda na ware wa yaro. Da na ɗora wuƙar, Inna ta ciji gefen zaninta, ba ta yi ƙara ba. Da na gama ta daɗe tana maida numfashi.

"Ko ya yi, ko bai yi ba," ta ce. "Allah ne masani. Ki saurara. Ki kai tabarmata ɗakin baya. Ki ware min ƙwaryata da ludayina. Daga yau ba ni tauna wa yaron nan komai, kuma ko na roƙe ki kada ki miƙo min shi. In Muntaka ya dawo ni zan gaya masa, ba ke ba."

"Inna, wataƙila wutar ta..."

"Wataƙila. Igiyar jakinsa tana nan bayan rumbu, ki san inda take."

Jinjiri ya ji muryarta, ya juyo daga kafaɗata yana miƙa mata hannu kamar kullum. Ta ɗago hannunta mai lafiya, sannan ta mayar da shi kan cinya. Na ja da baya taku biyu, na juya masa fuska wajen danga, na fara ɗiga masa ruwa a baki.