Sallamar Tsoho

Da wata ɗaliba ta samu gurbin koyon aiki na dogon hutu a cibiyar binciken sararin samaniya, mutanen gida sun ɗauka a roka za a ɗora ta. Innarta har da cewa ta tafi da rigar sanyi.

Abin da aka ba ta kuwa kujera ce mai ƙara, a wani ɗaki can saman bene, ƙarƙashin eriya, sai lasifika guda. Aikinta sauraron Tsoho, wani tauraron ɗan'adam da aka harba tun ba a haife ta ba. Kullum da hantsi yakan gifta ta samansu, ya yi ɗan kukansa, ƙit-ƙit-ƙit, ta duba lafiyarsa a kwamfuta, ya wuce abinsa.

Tun tana hamma har ta saba. Takan lumshe ido ta bi shi. Ga teku shimfiɗe a ƙasa, ga inuwar gajimare tana rarrafe a kan gonaki, shi kaɗai yana ta tafiya ba mai yi masa sannu. Ita takan yi masa, a hankali, don kada a ce 'Yar Hutu ta zare. Ta shaƙu da shi, ba ta kuma jin kunyar hakan.

Ana saura kaɗan hutu ya ƙare, Injiniya ya hawo yana haki. Dattijo ne mai furfura, da hannunsa aka ɗaura wa Tsoho batir.

"'Yata, batirinsa ya kumbura," in ji shi. "In aka bar shi zai fashe, tarkacen ya illata na kusa da shi. Yau za a kashe shi."

"Wa zai kashe shi, Baba?"

Ya kawar da kai. A cibiyar nan, ashe, wanda ya ƙera ba ya kashewa. Baƙon hannu ake ba wa, wai shi ba abin da zai ji.

"Ni ma fa ina ji," ta ce.

"Na sani. Ina jin gaisuwarki daga matakala."

Kukan ya fara shigowa, siriri, daga nesa. Umarnin yana kan allo, dannawa kawai ya rage. Ta bar Tsoho ya zo tsakiyar sama, muryarsa ta fito tar kamar ba abin da ke damunsa. Ya fara gangarawa. Injiniya bai ce ta yi sauri ba, hularsa kawai yake murzawa.

"Sannu da aiki," ta ce, ta danna.

Ƙit. Ƙit. Sai shuuu, kamar yayyafi a kan kwano.

Ta miƙa hannu za ta kashe lasifikar. Dattijon ya riƙe mata hannun riga.

"Bar ta tukuna, 'yata. Ai bai gama wucewa ba."