Baftismar Elisha a Shekarar Sanƙarau

"Rakiya, saki labulen nan, hasken yana sukar idona."

Na saki labulen. Inna Dinatu tana kwance a kan tabarma, kanta ya karkata baya, ba ta iya sunkuyar da shi. Duk wanda ya zauna a Madarumfa a bazarar 1995 ya san ma'anar wannan. Sanƙarau ya riga ya ɗauki mutum huɗu a unguwarmu.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Mu Musulmi ne, su kuwa 'yan Katolika, waɗanda ba su da yawa a garin. Sati uku ke nan da surukarta Loisa ta haifi namiji, tun ranar Inna Dinatu ba ta zauna ba. Ta surfa geron fura, ta sa an yi wa ɗakin tsakar gida sabon yaɓe, saboda ranar Lahadi limaminsu zai zo daga Maraɗi ya yi wa jaririn baftisma. Yau Alhamis. Ɗanta Yoshiya, mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ta Gabi, sai Asabar zai dawo.

"Inna, Maman ya tafi ɗaure amalanke," na ce mata. Maman mijina ne. "Yanzu za mu kai ki gidan likita."

"Ina yaron?"

Loisa tana tsaye a bakin ƙofa, ta rungume shi. Ta kalle ni, na kalle ta. Tun asuba jikinsa yake da zafi, ya ƙi kama nono, mun ɓoye wa Inna.

"Ban ji kukanshi ba yau," in ji Inna. "Loisa, kada ki yi mini ƙarya."

Loisa ta fashe da kuka. "Zazzaɓi ne, Inna."

Tsohuwar ta lumshe ido har na ɗauka ta suma. Sai ta ce, "Ba ni fita gidan nan sai an yi mishi. Ɗebo ruwa a randa, Rakiya."

"Inna, mu jira Lahadi mana," Loisa ta ce. Ita a majami'ar mishan ta tashi, inda sai mutum ya girma ake yi masa baftisma. "Ni ban iya ba. Ni ba limami ba ce."

"In rai yana cikin haɗari, kowa na iya yi. Haka aka koya mana. Lahadi ta yi nisa, ɗiyata."

Na ɗebo ruwan a ƙaramar ƙwarya. Tsoro biyu nake ji: na shaƙar numfashin ɗakin, ga 'ya'yana uku a gida, da na ganin jaririn nan ya sanƙare a gabana. Na ja mayafina na rufe hanci, kunya ta kama ni, amma ban cire ba.

"Loisa, kada ki matso da yaron kusa da ni," in ji Inna. "Tsaya nan bakin ƙofa. Sau uku za ki zuba a kanshi. Ki faɗi abin da na faɗi."

Loisa ta durƙusa. Na riƙe mata ƙwaryar, ruwan yana ta zuba a yatsuna. Muryar Inna tana fita a tsinke, Loisa tana bin ta.

"Elisha, ina yi maka baftisma... da sunan Uba... da Ɗa..."

Nan maganar ta tsaya. Haƙoran Inna suka datse, ƙafafunta suka miƙe. Na yi salati da ƙarfi. Loisa ta dube ni, idanunta jajir, sannan ta kamfaci ruwa na uku ta ƙarasa ita kaɗai: "Da Ruhu Mai Tsarki."

Sanyin ruwan ya sa yaron ya tsandara kuka.

"An yi?" Inna ta tambaya can ƙasa-ƙasa.

"An yi, Inna."

"To, ku ɗauke ni."

A gidan likita mun tarar da marasa lafiya kwance har ƙarƙashin bishiyoyi. Aka yi wa Inna allura, aka duba Elisha aka ce nasa zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi maganin sirop. Na gaya wa Inna a kunne, ban sani ba ko ta ji. Ta cika ranar Juma'a da hantsi, kafin saƙo ya kai wa Yoshiya.

Limamin ya iso ranar Asabar don jana'iza. Ya sa Loisa ta maimaita masa kalmomin da ta faɗa, ya ce baftismar ta yi, ba za a sake ba. Matan unguwa muka dama fura da geron da Inna ta surfa, aka ba masu zaman makoki.

Da yamma mutane suka watse. Ina zaune a tsakar gidan da Elisha goye a bayana, yana barci, sai awakin Inna biyu suka dawo daga kiwo. Suka wuce mu, suka je ƙofar ɗakinta suka tsaya, suna jiran dusa.